Ranar da Waya Ta Karanta wa Inna Rubutun Ɗanta

Shekara takwas ke nan da muka kai Yaya Haladu makwancinsa a Aujara. Jinyar kwana huɗu ya yi ana tsakiyar girbin gero, a rana ta biyar aka yi masa sutura. Ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, tela ne a unguwar Limawa a nan Dutse. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, sai ɗan abin da shi marigayin ya ɗora mini a zaure, saboda haka wanda ya ga gargada a rubutun nan ya yi mini uzuri. Duk shekara in lokacin ya zagayo, addu'a nake yi masa in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi yiwuwa, domin wani abu ya faru a tsakar gidanmu wanda har yau in na tuna shi sai in ji abinci ya fita daga raina.

Yaya malamin firamare ne. Ya haura shekara ashirin yana koyar da 'yan aji uku a wata makarantar ƙauye da ke gefen Aujara. Bai taɓa zama hedimasta ba, ban kuma taɓa jin ya nema ba. Abin da mutanen yankin suka san shi da shi, shi ne takardar gida.

Littattafan karatu ba sa isar yara a lokacin, sai ya riƙa sayen littafin rubutu yana cika shi da gajerun labarai da hannunsa, kowane shafi labari guda. Abin da ke faruwa a gari yake rubutawa: yadda rijiyar bayan masallaci ta rufta, yadda jakin wani ya kafe a bakin kwalbati ranar kasuwa, yadda shi kansa ya sha duka yana yaro. In zangon karatu ya zo ƙarshe, sai ya kwafi shafi ɗaya ya ba kowane ɗalibi, ya ce ya je ya karanta wa wani babba a gidansu wanda bai yi boko ba. Ranar kasuwa kuma ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, iyaye maza da kakanni mata su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayarsu abin da suka ji. Wanda ya iya mayar masa da labarin daga farko har ƙarshe, ɗansa ya ci. Wanda ya tsaya sosa ƙeya, sai Yaya ya ce, "A sake." Hukuma ba ta san da wannan jarrabawa ba, kuma ba ta hana kowa wucewa aji huɗu a takarda. Amma duk garin sun san yaron da aka ce a sake bai iya ba tukuna, sun kuma san Malam ba zai rabu da shi ba sai ya iya.

Na tuna wani mahauci da ɗansa ya kasa. Ya je ya sami wani ɗan sakandare ya karanta masa takardar, ya haddace, ya zo gindin tsamiya ya zuba labari tiryan-tiryan. Yaya ya saurara har ya kai aya, sannan ya ce, "Sarkin fawa, labari ya fito da kyau. To a ina yaron ya yi tuntuɓe?" Mahaucin ya ce ai ko sau ɗaya bai yi ba. Yaya ya yi dariya ya ce, "Ni na san Audu. Akwai kalma uku a shafin nan da ko da bulala sai ya tsaya a kansu. A je a sake, naman Juma'a kuma a ajiye mini mai kyau." Yakan ce karatu kamar ɗebo ruwa ne daga rijiya a kai wa mai ƙishi. In ruwan ya zube a hanya, ba ruwan mai ƙishi da kyan tulun.

'Ya ɗaya ya bari, Bilkisu, tana da shekara biyar. Bai kai ga ɗora mata ko harafi ɗaya ba. Mahaifiyarta ta koma wajen danginta a Haɗeja bayan takaba, daga baya ta yi aure, dangi suka yarda yarinyar ta zauna a hannuna. Na yi wa kaina alkawari cewa 'yar malamin makaranta ba za ta yi karatun jeka-na-yi-ka ba. Da na ji ana yabon wata makarantar kuɗi a nan Dutse, wai kowane yaro da kwamfutar hannunsa, ba alli ba baƙin allo, sai na kai ta can. Ranar taron iyaye aka jera mana yara cikin tufa masu tsabta, kowa ya sunkuyar da kai yana shafa gilashi da yatsa, ajin tsit kamar ba yara a ciki. Mu da muka yi karatu a ajin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, sai muka ga wannan shirun shi ne ilimi. Sakamako kuma ta waya yake zuwa, da taurari masu launi, kullum Bilkisu tana sama. Duk mai kawo ɗinki sai na nuna masa, ina cewa ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da makarantar ta ce a saya wa yara waya saboda aikin gida, ban yi gardama ba.

Bana, kamar kowace shekara, muka je Aujara yi wa Yaya addu'a. Bayan la'asar mutane sun watse, sai mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta shiga ɗaki ta fito da wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. Ɗaya daga cikin littattafan labaran nan ne, ban ma san ta ajiye ba. Yaya shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa, kuma ko ranar rasuwarsa ba wanda ya ga hawayenta. Ba ta yi boko ba. Shekara takwas littafin yana cikin adakarta ba ta san abin da ke ciki ba, ba ta kuma ba kowa ya karanta mata ba. Ashe jira take 'yarsa ta girma.

Ta miƙa wa Bilkisu ta ce, "'Yar birni, an ce ke ce ta ɗaya a ajinku. Zo ki karanta mini abin da wancan ya rubuta, in ji ko da ni a cikin surutunsa."

Bilkisu ta karɓa tana dariya ta ce, "Inna, wannan ai ba wani aiki ba ne." Ta buɗe shafin farko ta zuba masa ido. Leɓɓanta suka yi ta motsi, murya ba ta fito ba. Da abin ya yi tsawo sai ta zaro waya daga jaka, ta ɗauki hoton shafin, ta danna wani wuri. Sai ga muryar wata mace tana magana ta hanci irin ta Turawa, tana tauna kalmomin Hausa tana tofarwa, ba a gane farko ba a gane ƙarshe. Inna ta waiwaya hagu da dama tana neman mai maganar.

"Wace ce wannan?"

"Waya ce, Inna. Ita take karanta miki."

Inna ta ce, "Ta san shi ne?"

Ta miƙa hannu ta karɓe littafin, ta mayar da shi cikin ɗankwalin, ta ce, "Rufe mata baki." Ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗaki, alhali magariba da saura.

Da muka dawo Dutse na yi ta lallashin kaina cewa rubutun hannu ne ya ba ta wahala, tunda yaran yanzu ba su saba da shi ba. Washegari na zaunar da ita a shago na ba ta jaridar Hausa. Haka ta riƙa tsintar haruffa ɗaya-ɗaya, kafin ta kai ƙarshen layi ta manta farkonsa. Na ce to wataƙila Hausar ce, tunda da Turanci ake koya musu, na ba ta wata takarda ta Turanci da ta zo cikin kwalin keken ɗinki. Duk kanwar ja ce. Yarinya mai shekara goma sha uku, 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Na tambaye ta yadda take cin jarrabawa, ta nuna mini ba tare da ɓoye komai ba. Kowace tambaya a kwamfutar tana da ɗan hoton lasifika a gefe, in ka taɓa sai a karanta maka. Amsoshi huɗu ne a ƙasa, su ma kowacce in ka taɓa a karanta maka, kai dai zaɓi ne naka. Bilkisu tana da kunne tana da ƙwaƙwalwa, abin da ta ji sau ɗaya ya zauna. Aikin gida kuwa hoton tambaya take ɗauka, waya ta kawo amsa, ta tura wa malama. Ta ce, "Baffa, ai haka kowa yake yi." Ko kaɗan ba ta ji kunya ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata akwai abin kunya a ciki.

Na je makarantar. Shugabanta matashi ne mai fara'a, ya ba ni kujera ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na gaya masa abin da na gani. Maimakon ya kira yarinyar, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya nuna mini wasu layuka masu hawa sama, ya ce wannan duk ci gaban Bilkisu ne, ba ta taɓa saukowa ba. Na ce na gani, amma a kira ta a ba ta takarda ta karanta a gabanmu. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai zamani ya wuce nan. Yanzu abin da ake so shi ne yaro ya iya nemo sani a inda yake. Karatun baki da baki na lokacinku ne." Na ce to in ta nemo sanin, da me za ta gane ko gaskiya aka ba ta? Ya ce wannan tambaya ce mai kyau, za su duba ta a taron malamai. Ya rako ni har bakin ƙofa yana yi mini godiya.

A bakin ƙofar malamar ajinsu ta biyo ni. Ta rage murya ta ce ta daɗe da sani, kuma ba Bilkisu kaɗai ba ce. Ta ce ta taɓa kawo alli daga gida tana sa yara su fito su karanta a bango, aka kira ta ofis aka ce tana mayar da makaranta baya, iyaye ba don wannan suka kawo 'ya'yansu ba. Ta ce darasin ma ba ita take shiryawa ba, a shirye yake zuwa, tambayoyi a shirye, makin ma na'ura ce ke bayarwa. Na tsaya ina lissafa abin a zuciyata. Na'ura ta yi tambaya, na'ura ta ba da amsa, na'ura ta duba, ta aiko mini da tauraro. Malama tana tsaye tana gadi, yarinya tana tsakiya tana kai saƙo daga wannan na'ura zuwa waccan ba ta san abin da ke cikin saƙon ba. Wannan ake ɗaukar hotonsa ana bazawa ana cewa ilimin zamani.

Ban fito da wannan magana don in wanke kaina ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara takwas yarinyar nan tana cin tuwo a gidana, ban taɓa ce mata ko sau ɗaya ta zo ta karanta mini wani abu ba. Ni da na sha zama a gefen tabarmar gindin tsamiya, na ga yadda ake gane mai karatu, sai ga shi taurari masu launi sun ishe ni. Tsoro ne ya hana ni, in an bi gaskiya. Ina ganin ni ɗan firamare, wane ni in binciki karatun kwamfuta. Mahaucin nan da ya so ya yi wa Yaya wayo ya fi ni, domin shi ya san ɗansa bai iya ba.

Na sha tambayar kaina abin da Yaya zai ce in da ya ga wannan zamani. Ban yi zaton zai tsani waya ba. Shi ne na farko a gidanmu da ya sayi rediyo mai kaset, yakan kai ta aji ya naɗi muryar yaro yana karatu, ya kunna masa ya ji inda ya yi tuntuɓe. Da ya riski wayar yanzu, na tabbata da ya samo mata aiki goma da ba mu yi tunani ba. Ni kaina ina cin moriyarta, mata suna turo mini hoton ɗinki daga ƙasashen da ban san sunansu ba, ina kallo ina koyo. Amma in an kawo hoto, dole in ɗauki awo in riƙe almakashi, hoton ba ya yanka yadi. Abin da zai tayar wa Yaya da zuciya, kamar yadda ya tayar mini, shi ne yadda manya suka haɗa baki a kan yaro. Makaranta ta sami abin tallatawa, uba ya sami abin nunawa a majalisa, kowa ya tafi gida da farin ciki, aka bar yaro da zanen aro wanda ba ya rufe katara. Ranar da zanen zai zame kuwa ba malami a wurin ba shugaban makaranta, yaron ne kaɗai a gaban wanda ya dogara da shi.

Ban cire ta daga makarantar ba, domin ban san inda zan kai ta in tabbata ya fi ba. Abin da na yi shi ne, in ta taso sai ta biyo ta shago, in karɓi wayar in sa a aljihu, ta zauna a kan benci da jarida tana karantawa da ƙarfi ina taka keke ina gyara mata. Makon farko kuka ta yi ta yi, tana cewa na mayar da ita 'yar aji ɗaya a gaban masu kawo ɗinki. Na roƙi Inna ta ara mana littafin, ta ce, "Ba ya fita daga gidan nan. Mai son karatu ya san hanya." Saboda haka duk Asabar nake rufe shago mu hau mota zuwa Aujara. Kunnen Inna na hagu ya riga ya tafi, na daman ma sai an matso, kuma kowane wata yana ƙara nauyi. Bilkisu takan zauna a damanta, gwiwa da gwiwa, ta karanta shafi ɗaya. In ta gama sai in tambayi Inna abin da ta ji. Makonni da yawa amsa ɗaya ce: "Na ji kaza tana tsintar tsaba."

Sakamakon zangon da ya wuce ya shigo wayata kwanan nan. Bilkisu ta sauko ƙasa, karo na farko. Na tambaye ta dalili, ta ce ta daina taɓa lasifikar, da kanta take karanta tambayoyin, lokaci kuma yana ƙarewa kafin ta gama. A ƙarƙashin sakamakon makarantar ta rubuto shawara, wai a ƙara mata lokacin zama da na'ura a gida domin ta koma matsayinta.

Asabar uku da suka wuce muka kai wani shafi da Yaya ya ba da labarin ranar da ya bar ƙofar rumbu a buɗe yana yaro, akuya ta shiga ta cinye gyaɗa, mahaifiyarsa ta bi shi da muciya har bayan gari. Bilkisu tana tafiya a hankali, ta yi tuntuɓe sau biyu ta koma ta ɗauko, amma maganar ta riƙe jikinta. Tana tsakiyar shafin sai Inna ta ɗaga hannu.

"Ƙarya yake yi. Da mafici na bi shi, mafici kuwa me zai yi wa mutum? Kuma ko ƙofar gida ban wuce ba, wane bayan gari."

Bilkisu ta ce, "Inna, haka fa ya rubuta, ga shi nan."

"Ya rubuta ɗin. Tun yana ƙarami haka yake, in ya ɗauko zance sai ya ƙara masa gishiri. Gyaɗar iri ce ta babansu, shi ya sa na yi faɗa, wannan bai sa ba ko?" Ta gyara zama ta ƙara kusanto da kunnenta. "Ci gaba, in ji sauran."

Ranar ban tambayi Inna abin da ta ji ba.

Yaya bai bar gida na kansa ba, bai bar gona ba ban da ta gado. Tsamiyar ma an sare ta da aka faɗaɗa hanya, kuma ban ji wani malami ya ɗauki al'adar takardar gida ba. Abin da ya saura nasa shi ne mutanen da ke tare ni a tasha ko a asibiti, masu gemu yanzu, su ce Malam ne ya koya musu karatu, su kuma faɗi shafin da aka ba su ba tare da sun yi tunani ba. Sai kuma wannan littafi guda, wanda ya ishi tsohuwa ta yi gardama da ɗanta bayan shekara takwas a ƙasa. Ga iyaye 'yan'uwana kuwa, ban da wata dabara da ta wuce tasa. Ka kira ɗanka ka ba shi takarda, ka ajiye wayar a gefe, ka saurara.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya sa abin da ya koyar ya zame masa haske a kabarinsa. Shafi talatin da ɗaya ne suka rage mana a littafin, shafi ɗaya kowace Asabar. Ina roƙon wanda ya karanta wannan ya taya mu addu'a Allah ya bar wa Inna kunnenta na dama har mu kai bangon ƙarshe.